Ruwa A Kan Kibod: Me Ake Gyarawa, Me Ake Canjawa?

Tun daga 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, duk ɗalibin da ke son shiga jami'a ya zama dole ya saba da kibod kamar yadda ya saba da biro. Shi ya sa za ku ga 'yan aji shida riƙe da kwamfutar tafi-da-gidanka, wato laftof, ta aro ko wadda yaya ya bar musu, suna gwada tambayoyin shekarun baya. Malamanmu ma a cikinta suke ajiye makin gwaji da tambayoyin ƙarshen zango. Kusan kullum kuma akwai ledar fiya wata ko kofin shayi a gefenta. Hannu ɗaya ne zai kuskure, sai ka ji ana salati.

Abin da ya kamata mu fara sani shi ne, a cikin duk abin da ruwa zai iya kashewa a laftof, kibod yana cikin masu arha. Mai tsadar yana kwance a ƙarƙashinsa: babban allon da ke ɗauke da ƙwaƙwalwar kwamfutar, wanda masu gyara ke kira mazabod. Kibod ana sayen wani a saka. Mazabod kuwa in ya ƙone, sau da yawa kuɗin canja shi yakan kusa kuɗin sayen wata laftof ɗin ta hannu. Don haka duk abin da za a yi a mintunan farko, don ceton mazabod ake yin sa. Maganar kibod tana zuwa daga baya.

Abin da ke ƙarƙashin yatsunku

Kowane madanni yana zaune ne a kan wasu 'yan sandunan roba biyu da suka gitta juna kamar almakashi. A tsakiyarsu akwai 'yar roba mai laushi mai siffar ƙwarya a kife, ita ce ke dawo da madannin sama idan kun ɗaga yatsa. Ƙarƙashin wannan kuma akwai fallayen leda uku masu sirantaka, ɗaya a kan ɗaya. An zana wa na sama da na ƙasa layuka da wata tawada mai ɗauke da azurfa, wadda wutar lantarki ke bi. Fallen tsakiya ba shi da layi ko ɗaya, aikinsa raba su, sai dai yana da huda daidai ƙarƙashin kowane madanni. Idan kun danna harafi, layin sama ya taɓa na ƙasa ta cikin hudar, wuta ta wuce, kwamfuta ta gane.

To amma ta yaya take sanin wane harafi ne, alhali madannan sun haura 80? Ba a ja wa kowane madanni wayarsa ba. Ku dubi yadda muke zama a aji: layuka a tsaye, layuka a kwance. Malami ba ya bukatar sunan kowa, in ya ce "layi na uku, kujera ta biyar" mutum ɗaya ne zai miƙe. Haka kibod yake. A ce layuka 8 ne a kwance, 16 a tsaye: wayoyi 24 kacal, amma mahaɗarsu 128, sun ishi dukkan madannai har da saura. Waɗannan wayoyin ne ke taruwa su zama wata siririyar leda mai faɗi, fileks a bakin masu gyara, wadda ake sokewa a jikin mazabod.

Wanda ya fahimci wannan zai iya karanta ciwon kibod da kansa. Idan harafi ɗaya ne ya ƙi, matsalar tana kan wannan madannin. Idan kuwa haruffa huɗu ko biyar suka mutu lokaci guda, ko da ba maƙwabtan juna ba ne, to layi guda ne ya tsinke, duk wanda ke kan layin ya tafi. In kun danna harafi ɗaya biyu suka fito, ko kwamfuta ta dinga rubutu ita kaɗai kamar mai aljanu, wani abu ne ya haɗa layuka biyu da bai kamata su haɗu ba.

Ruwan kansa ba shi ne babban mai laifi ba

'Yan ajin kimiyya sun san wannan daga darasin kemistiri: tataccen ruwa ba ya ɗaukar wutar lantarki sosai. Gishiri da ma'adinan da suka narke a cikinsa su ne ke ɗaukarta. Ruwan rijiya, na burtsatse, har da na leda, duk suna ɗauke da su. Idan irin wannan ruwan ya kwanta a kan layuka biyu masu wuta, abu biyu ne ke faruwa. Na farko nan take: wuta ta bi gajeriyar hanyar da ba tata ba. Cajar yawancin laftof tana ba da bolt 19 zuwa 20, alhali akwai sassan mazabod da ke aiki da bolt 3.3 ko ƙasa da haka. Ɗigo ɗaya da ya haɗa waɗannan biyun ya isa ya ƙona sashe.

Na biyun a hankali yake tafiya, kuma shi ne ke yaudarar mutane. Wuta da ruwa mai gishiri suna cinye ƙarfe, kamar gwajin da ake yi a ɗakin gwaje-gwaje inda ake tsoma sanduna biyu a ruwa a haɗa su da batir. Layukan azurfa da na tagulla su fara zaizayewa, wani fari ko koren abu ya taru a kansu. Wannan ne dalilin da za ku ji mutum ya ce, "Ai ta jiƙe amma lafiyarta ƙalau," sai bayan mako biyu haruffa su fara mutuwa.

Shayi, zoɓo, kunu, lemon kwalba da fura da nono sun fi ruwa ɓarna nesa ba kusa ba. Ruwa yana bushewa ya bar ɗan gishiri. Sukari kuwa ba ya tafiya ko'ina: yana dafewa, yana kuma jawo danshi daga iska, ga tururuwa. Zoɓo da lemo kuma ga tsami, wanda ke ƙara saurin cin ƙarfe.

Mintunan farko

Ku zare caja. In ruwan ya kai soket ko hannunku a jiƙe yake, ku kashe wutar daga bango tukuna. Sannan ku danne makunnin laftof ɗin ku riƙe kamar daƙiƙa 10 har ta mutu. Kada ku tsaya adana aikin da kuke yi, kada ku bi hanyar kashewa ta yau da kullum. Na san da ciwo a rasa shafi uku da aka sha wahalar bugawa, amma shafi uku ana sake buga su.

In batirin na cirewa ne daga waje, kamar na tsofaffin HP da Dell da suka cika kasuwanninmu, ku cire shi nan take. Wannan yana da muhimmanci, domin ko laftof tana kashe, matuƙar batir na jikinta akwai layukan da wuta ke zaune a kansu suna jiran a danna makunni. Sababbin laftof batirinsu a ciki yake, sai an kwance murfin ƙasa. In ba ku taɓa yi ba, ku kai wa mai gyara a ranar, ku ce masa ya fara zare batir kafin komai.

Bayan haka ku cire filas da duk abin da ke soke a jikinta, ku dangwale ruwan saman da tsumma mai tsabta ba tare da gogawa ba, ku buɗe ta ku kifa a kan tawul kamar bukka, yadda ruwan zai koma ta inda ya shigo. Wasu samfuran ThinkPad na Lenovo an yi musu 'yan magudanai da ke fitar da ruwa ta ƙasa. Irin waɗannan kamfanin ya tsara su ne a bar su a kwance ruwan ya tsiyaye, amma su ma sai an kashe su.

Sai haƙuri. A sa ta gaban fanka a inuwa kwana biyu zuwa uku. Da hunturu takan yi saurin bushewa, da damina a ƙara mata kwana. Abin da ya fi kashe laftof ɗin da ta jiƙe shi ne "bari in kunna in gani ko tana yi".

Akwai dabaru uku da ake yawan ba da shawararsu waɗanda ya kamata a bari. Binne ta cikin buhun shinkafa ba ya zuƙo ruwan da ya shige tsakanin fallayen leda, sai ma ƙura da gutsattsarin shinkafa su shiga ramukanta. Kamfanin Apple da kansa ya gargaɗi masu iPhone da kada su yi haka. Shanya ta a rana kamar barkono yana dafa batir, kuma batirin litiyam ba ya shiri da zafi, balle ranar watan Afrilu. Na'urar busar da gashi kuma tana tura ruwan ciki, tana lanƙwasa madannai.

In abin da ya zuba mai sukari ne, bushewa kaɗai ba ta wadatar ba. Sai an buɗe an wanke mazabod da burushi mai laushi da sifirit mai ƙarfi da ake kira aisofurofil, wanda ya kai kashi 90 cikin 100 ko fiye. Wannan aikin mai gyara ne.

Gyara ko canji?

Bayan ta bushe kuma ta tashi, ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Ku aro kibod na USB, irin na kwamfutocin tebur da ke ɗakin kwamfuta, da izinin malami, ku soka. In yana rubutu daidai kuma laftof ɗin ba ta mutuwa ko yin zafi, alama ce mai kyau. Daga nan ku buɗe Notepad ku danna madannan laftof ɗin ɗaya bayan ɗaya, ku rubuta waɗanda suka ƙi a takarda.

Madanni ɗaya ko biyu da ke dafewa amma suna rubutu, ana iya ɗaga hularsu a hankali a goge ƙarƙashin da auduga da sifirit. A yi hattara, 'yan almakasan nan ba su da ƙwari, in suka karye sai an nemo irinsu. Amma in haruffa sun mutu rukuni-rukuni, ra'ayina shi ne kada ku biya kowa kuɗin "wankin kibod". Layin ya riga ya cinye a tsakanin fallayen da aka manne da juna, kuma sifirit ba ya mayar da azurfar da ta zaizaye. Akwai alƙalami mai tawadar azurfa da ake iya ɗinke layi da shi, sai dai kafin a kai ga wurin sai an wargaza kibod ɗin gaba ɗaya, kuma gyaran ba ya cika daɗewa. Canji ya fi.

Wahalar canjin ta danganta da samfuri. A tsofaffin laftof, sukuru biyu ko uku ne a ƙasa da 'yan maƙalai a sama. A ɗaga kibod, a buɗe ɗan sakatar da ke riƙe fileks, a zare, a saka sabo. Wannan sakatar ƙarama ce ƙwarai, da farce ake ɗaga ta, in ta karye ƙaramin aiki ya zama babba. A sababbi masu sirantaka kuwa, an narka roba an manne kibod da murfin sama daga ciki, sai an fitar da kusan komai kafin a kai gare shi. Shi ya sa wani mai gyaran zai ce sai an canja murfin saman gaba ɗaya. Ba lalle cuta ba ce, amma ku nemi ya nuna muku.

Wanda ba shi da kuɗin canji yanzu yana iya ci gaba da kibod na USB, ya ishe shi atisayen jarrabawa da buga aikin makaranta. Windows ma tana da kibod na kan sikirin da ake dannawa da linzami. In tsohon kibod ɗin yana rubutu shi kaɗai yana damun ku, a zare fileks ɗinsa. Sai dai a duba tukuna: a wasu samfuran makunnin yana cikin jerin madannan kibod, in aka zare shi laftof ɗin ba za ta kunnu ba.

Wajen saye, sunan kamfani bai isa ba. Ku je da cikakkiyar lambar samfurin da ke rubuce a ƙasan laftof, in da hali har da lambar da ke manne a bayan tsohon kibod ɗin. Ku kuma duba tsarin haruffa. Na Amurka madannin Enter ɗinsa a kwance yake, na Ingila dogo ne a tsaye, kuma alamar @ ba wuri ɗaya take a cikinsu ba. Na Faransa, wanda aka saba da shi a Nijar, da AZERTY yake farawa maimakon QWERTY. Ɗalibin da ya yi atisaye a kansa zai nemi A a inda Q yake ranar jarrabawa. Mai fitila a ƙarƙashin madannai yana da ƙaramin fileks na biyu. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba sai an nemi kibod na musamman ba, daga manhaja ake saita su.

Kafin ku bar laftof a shago, ku kwashe muhimman fayiloli a filas in tana tashi, musamman malamai masu makin ɗalibai a ciki. In ma ta ƙi tashi, ma'ajiyar bayanai takan tsira daga ruwa, kuma a yawancin samfura ana iya cire ta a karanta ta a wata kwamfutar. Mai sabuwar laftof ya sani cewa garanti na yau da kullum ba ya ɗaukar ɓarnar ruwa, kuma wasu kamfanoni suna manna 'yan takardu a ciki da ke komawa ja in ruwa ya taɓa su, don haka ɓoyewa ba ta da amfani.

Ranar karɓa, kada ku biya sai kun buɗe Notepad a gaban mai gyaran kun danna kowane madanni, har da Shift na hagu da na dama, da na ƙara sauti da haske. Ku karɓi tsohon kibod ɗinku, hulunansa da almakasansa za su yi amfani wata rana. Ku kuma tambaye shi ko ya ga alamar ruwa a kan mazabod lokacin da ya buɗe. In ya ce ya gani, a wanke wurin kafin a rufe, ko da laftof ɗin tana aiki lafiya a ranar.