Yadda Ake Mallakar Gidan Haya Ba Tare da Bashi Ya Cinye Riba Ba

Kafin ka je ganin gida, ɗauki biro ka yi lissafi. A ce an yi maka tayin gida a Kano kan naira miliyan 20, mai ciki da falo huɗu, kowanne ana hayarsa 300,000 a shekara. Abin da zai shigo miliyan 1.2 ke nan, wato kashi 6 cikin ɗari na kuɗinka, tun ba a cire gyara ba. Ruwan da bankunan kasuwanci ke ɗorawa kuwa ya haura kashi 20. Wanda ya ci irin wannan bashi don sayen gidan haya, banki yake yi wa bauta.

To ina za a samo kuɗin? Na fi yarda da tarin kanka da adashi: ka sayi fili, ka kewaye, ka gina ɗaki biyu ka zuba 'yan haya, kuɗinsu ya ɗora sauran. Idan sai an haɗa da banki, duba irin su Jaiz da TAJ, waɗanda ba sa mu'amala da ruwa. Su sayi gidan, kana biyan haya kana fansar kasonsu a hankali. Ka nemi a rubuta maka jimillar abin da za ka biya har ƙarshe. Ma'aikaci mai zuba kashi 2.5 na albashinsa a asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana iya neman rancen Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya a kan kashi 6, har tsawon shekara 30. Sai dai wannan don gidan zamanka aka tsara shi.

Sai takardu, kuma a nan ne mutane suka fi shiga uku. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, don haka sayar da gida mai takardar shaidar mallaka ba ya cika sai da amincewarsa. Kada ka tsaya ga bakin dillali, shi la'adarsa yake hange. Ɗauki lauya ya bincika lambar fayil a ofishin bayanan filaye, wato KANGIS a Kano ko KADGIS in a Kaduna ne, a tabbatar ba a jinginar da gidan ba. In gidan gado ne, sai ka ga takardar rabon gado daga kotu da sa hannun dukkan magada, har da matan da ke gidajen aurensu. Ka gaisa da mai unguwa da maƙwabta. Ka kuma koma ranar da aka tafka ruwa, ka ɗaga kai ka dubi silin, ka ga inda kwata ke malala.

Gida ya zama naka, kada ka ba kowa makulli sai da yarjejeniya a rubuce: kuɗin haya, ranar biya, wa'adin tashi, da wanda zai kwashe masai. Ko ɗan'uwanka ne, a rubuta, a sa shaidu. Raba wa kowane ɗan haya mitarsa ta kati, domin rigimar kuɗin wuta ta raba maƙwabta da yawa. Duk kuɗin da ya shigo, ware aƙalla kashi goma a asusu dabam saboda kwanon rufi, famfo da fenti, kuma ka gyara yoyo tun kafin damina ta sauka.