Jirgin ruwa mai hawan tudu

Yara, kun taɓa jin jirgin ruwa ya hau tudu? A kudancin ƙasar Faransa ana yin haka.

Can akwai wata hanyar ruwa da mutane suka haƙa da hannu, ana ce mata Kanal di Midi. Tsawonta kilomita 240, daga birnin Tuluz zuwa bakin Bahar Rum. Sarki Luwi na 14 ya ba da izinin aikin a 1666. Wani mai karɓar harajin gishiri, Piyer-Pol Rike, shi ya shugabanci dubban ma'aikata, maza da mata. Ya rasu a 1680, aka buɗe hanyar a 1681. Bai ga jirgi ko ɗaya ya bi ta daga farko har ƙarshe ba.

Da, jirage suna ɗaukar alkama da sauran kaya. Da jirgin ƙasa ya zo, sai ya ƙwace musu ciniki. Yanzu masu hutu ne ke bin ta. Iyali su kan yi hayar ƙaramin jirgi mai wurin kwana da madafa, su yi mako guda a kan ruwa. Ba a tambayarsu permi, amma an hana su wuce kilomita 8 a awa. Mai keke ma ya fi su sauri!

To, yaya jirgin ke hawan tudu? An gina ɗakunan ruwa masu ƙofa gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar baya. Sai a buɗe kafofi, ruwan da ke gaba ya kwararo cikin ɗakin. Ruwa na cika, jirgi na tashi, kamar ƙwarya a cikin randa. In ruwan ciki ya yi daidai da na gaba, a buɗe ƙofa, jirgi ya wuce. Kusa da garin Beziye an jera irin waɗannan ɗakuna kamar matakala, tsawon hawansu ya fi mita 20.

Itatuwa wajen 42,000, da ake kira filatan, suka yi wa hanyar inuwa. A 2006 aka gano wata cuta ta kama su. Cutar tana shiga ta rauni. Matafiyi ya ɗaure igiyar jirginsa a gindin itace, ɓawo ya goge, gobe ya ɗaure a wani itacen, ya kai masa cutar bai sani ba. Ba ta da magani. An sare dubbai an ƙone, ana dasa waɗansu iri a gurbinsu. Yau an hana ɗaure jirgi a jikin itace, sai a turke.

Tambayoyi
1. Me ke ɗaga jirgi a cikin ɗakin ruwa?
2. Awa nawa jirgi zai yi daga Tuluz zuwa bakin teku, in bai tsaya ba?
3. A garinku, me ke yi wa itatuwa rauni?