Ɗalibai Tara na Little Rock

A 1954 Kotun Ƙoli ta Amurka ta haramta raba makarantun baƙaƙen fata da na Turawa. Amma a Satumba 1957, da yara tara baƙaƙe suka doshi sakandaren Central a birnin Little Rock, sai Gwamna Faubus ya sa dakarun jihar Arkansas suka tare ƙofa. Ran nan Elizabeth Eckford, 'yar shekara 15, ta ratsa taron masu zaginta ita kaɗai. Ba su samu yin cikakken yini a aji ba sai da Shugaba Eisenhower ya aiko da soja.

'Yan'uwana ɗalibai, a ganina alƙalai sun yi nasu, amma sa'o'inmu ne suka ɗauki nauyin hukuncin. Sun sha tofi da bangaza, duk da haka Ernest Green ya kammala a 1958.