Manhajar Sa Ido: Daga WordPress zuwa Joomla da Drupal

Wasiƙar farko ta yau daga Zariya take, daga wani malami mai kula da shafukan intanet na wasu makarantu. Ya ce ya rubuta 'yar manhajar da ke sa masa ido a kan shafukan WordPress da ke hannunsa, tana aiko masa da saƙo da zarar wani abu ya lalace. Yanzu ga shi an damƙa masa sababbin shafuka biyu, ɗaya Joomla, ɗaya Drupal. Yana tambaya: sake rubuta manhajar zai yi daga tushe, ko akwai yadda zai ƙara mata?

Malam, kada ka rushe komai. Ko shafi yana buɗewa, daƙiƙa nawa yake ɗauka, yaushe takardar tsaronsa ta SSL za ta ƙare, duk daga waje ake duba su, babu ruwansu da tsarin da aka gina shafin a kai. Wannan ɓangaren zai yi maka aiki yau ɗin nan.

Aikin yana ciki. WordPress na ajiye lambar sigarsa a fayil ɗin version.php, Joomla a joomla.xml, Drupal na zamani kuwa a Drupal.php, kuma kowanne da inda yake sanar da sabuwar fitowa. Saboda haka ka raba manhajarka gida biyu. Uwar manhajar ta riƙa yin tambayoyi iri ɗaya: wace siga ke kan shafin, waɗanne ƙananan manhajoji aka liƙa masa, akwai gyaran tsaro da ba a ɗora ba? Sai ka rubuta wa kowane tsari tafintansa, wanda zai je ya ɗauko amsar. Gobe in an kawo maka tsari na huɗu, tafinta ɗaya kawai za ka ƙara. Amma don Allah, izinin karatu kaɗai za ka ba shi, ban da rubutu, kuma ka kulle shi da mabuɗin sirri, domin shi ma ƙofa ce ka buɗe a jikin shafin.

Ka ari dabarar manhajar sa ido ta Nagios. A can amsa huɗu ce: 0 lafiya lau, 1 gargaɗi, 2 hatsari, 3 ba a sani ba. Ta huɗun nan ita ce na fi so ka riƙe. Idan tafintanka ya kasa karanta siga, ya faɗa maka ya kasa. Kada ya yi shiru ka ɗauka lafiya ce.

Ga dalilin da ya sa na dage a kan sa ido ga gyaran tsaro. Ranar 15 ga Oktoba 2014 masu Drupal suka fitar da gyaran wata mummunar ɓaraka. Daga baya suka sanar cewa duk shafin da bai ɗora gyaran cikin awa 7 ba, a ɗauka an riga an kutsa shi. Awa bakwai fa, Malam! Manhajar da ke leƙa sanarwar tsaro sau ɗaya a mako ba za ta cece ka ba.

Sannan ka bincika shekarun shafukan nan biyu. An daina kula da Joomla 3 tun Agustan 2023, Drupal 7 kuma tun 5 ga Janairu 2025. Idan ɗayansu ne aka ba ka, manhajarka za ta duba ta ga babu sabon gyara, ta ce komai daidai, alhali gyaran ne aka daina yi gaba ɗaya. Ka rubuta mata waɗannan ranaku, ta riƙa nuna ja.

Sai wata baiwar Allah daga Maraɗi, mai shafi ɗaya na sayar da atamfa a WordPress, tana tambaya ko ita ma sai ta yi duk wannan. A'a, Hajiya. Tun 2013 WordPress ke ɗora ƙananan gyare-gyaren tsaro da kansa. Ki tabbata ba a kashe wannan ba, ki sa wanda ya gina miki shafin ya kafa miki manhajar sa ido ta Uptime Kuma, kyauta ce, ya haɗa ta da Telegram ɗinki.