Adana Tumatir a Kwalba da Tukunyar Matsi: Darasi Daga Guangzhou

Yau mun ajiye waya da kwamfuta, mun shiga kicin. Tun zuwana karatu Guangzhou nake haɗa miyata da kaina, kuma kullum ina tuna yadda tumatir ke ruɓewa a Kura da Kadawa lokacin rani, damina na shigowa ya yi tsada.

Me ya sa sai an kiyaye? Akwai ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum da ke jure tafasar digiri 100, kuma cikin rufaffiyar kwalba take fitar da guba mai kisa. Tsami ne ke hana ta girma, shi kuwa tumatir tsaminsa a kan iyaka yake. Saboda haka sai a haɗa biyu: tsami da zafin matsi, wanda ke kai digiri 116 a psi 10.

Ga matakan:

1. Ka ɓare tumatir, ka daddatse, ka tafasa minti 5.
2. Kowace kwalba mai lita ɗaya, zuba babban cokali 2 na ruwan lemon tsami na kwalba.
3. Cika da zafinsa, ka bar sarari kamar santimita ɗaya da rabi, ka rufe.
4. Bar tururi ya fita minti 10 kafin ka ɗora nauyin.
5. Minti 15 a psi 10. Wannan lissafin Guangzhou ne, mu da ke kusa da teku. Kano ta haura mita 300, don haka psi 15 za ka sa.
6. Kashe wuta, matsin ya sauka da kansa. Kar ka watsa mata ruwa!

A kula: tukunyar lantarki ta dafa shinkafa da wake ba ta wannan aikin ba ce, tunda ba ka da tabbacin zafin cikinta.

Sai kula da tukunyar. Kafin aiki, ɗaga murfin ka leƙa ramin tururi, ka tabbata haske na wucewa. Robar murfi in ta tsage ko ta ƙandare, canza ta. Bayan aiki a wanke, a busar sosai. Nan wajen watan Maris har bango zufa yake saboda laima, shi ya sa nake ajiye murfin a birkice, ba na ɗaure shi.

Washegari danna murfin kowace kwalba. Wanda ya motsa bai kama ba, sa shi a firij ka yi miya da shi da wuri.