Gashi Ko Kemo: Yadda Ake Yaƙar Kansar Cikin Hanci

Toshewar hanci da haɓo ba baƙin abu ba ne, musamman lokacin hunturu. Amma idan hanci ya toshe ta ɓari ɗaya tsawon watanni, jini yana fita, fuska ta kumbura ko gyambo ya huda ganɗa, to lamarin ya wuce mura. Cikin cututtukan da likitoci ke zargi akwai limfomar hanci ta NK/T, wata kansa da ba a cika samu ba, wadda ke kama fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki. Tana da alaƙa da ƙwayar cutar Epstein-Barr, kuma an fi ganinta a Gabashin Asiya da Latin Amurka. Ba a tabbatar da ita sai an yanki ɗan nama daga hancin an duba a ɗakin gwaje-gwaje.

Yadda na'urar gashi ke aiki

Na'urar Linac tana harba hasken X-ray mai ƙarfi kan ƙarin domin lalata ƙwayoyinsa. Kafin a fara, ana ɗaukar hoton CT, sannan kwamfuta ta tsara ta inda hasken zai bi don kare idanu da ƙwaƙwalwa. Ana ƙera wa majinyaci abin rufe fuska na roba daidai kansa don kada ya motsa. Yawanci ana ba da kimanin Gray 50, a rarraba shi kwana biyar a mako, har kusan mako biyar. Illolinsa sun fi tsayawa a wurin da aka gasa: bushewar baki, gyambon baki da duhun fata. Wanda aka yi wa gashi ba ya cutar da iyalinsa idan ya koma gida.

Yadda kemo ke aiki

Kemo magunguna ne da ke bin jini su zagaye jiki gaba ɗaya. Haɗin CHOP da ake ba sauran limfoma ba ya tasiri sosai a nan, domin ƙwayoyin wannan kansa suna da wani furotin da ke tunkuɗo maganin waje. Shi ya sa aka koma haɗe-haɗen da ke ɗauke da asparaginase, irin su SMILE. Wannan magani yana ƙarar da sinadarin asparagine, wanda ƙwayoyin kansar ba sa iya ƙera wa kansu isasshe. Yana iya taɓa hanta, kuma kemo na rage garkuwar jiki.

Wanne ya fi?

Ya danganta da inda cutar ta kai. Idan tana cikin hanci kaɗai, gashi ne ginshiƙi, kuma galibi ana haɗa shi da kemo. Idan ta bazu zuwa fata, hanji ko ɓargo, kemo ne kan gaba, tunda na'urar gashi wuri ɗaya take nufa.

Ga mutanen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Matakin farko shi ne ganin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, yana da sashen gashi, kuma ta Funtuwa ake bi. A 2025 ma an buɗe cibiyar kansa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.

Waya tana da amfani a nan: a ɗauki hoton kowane sakamakon gwaji, a saita tunatarwar ranakun asibiti. Tsallake ranar gashi yana rage tasirinsa, haka kuma ɓata watanni kan magungunan da ake tallatawa a TikTok da WhatsApp yana ba cutar damar bazuwa.