Kare Ƙwayoyin Halittar Ƙoda Daga Mutuwar Ƙa'ida a Ciwon Sukari

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin ciwon sukari ta alamominsa na fili, wato yawan ƙishirwa da yawan fitsari da rama, da kuma kiyashin da kan taru a inda mai ciwon ya yi bawali. Abin da saninsa bai yaɗu ba shi ne ɓarnar da wannan ciwo yake yi wa ƙoda a ɓoye, shekara da shekaru, ba tare da mai ita ya ji ko da tsikari ba. A 2021 an ƙiyasta cewa manyan mutane miliyan 537 ne suke fama da ciwon sukari a duniya, kuma kimanin ɗaya daga cikin ukunsu ƙodarsa takan taɓu. Idan ƙoda ta gaza, sai wankin ƙoda ko dashe, waɗanda tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin gidaje a ƙasar Hausa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda sukari yake sa ƙwayoyin halittar ƙoda su hallaka kansu, da hanyoyin da bincike ya tabbatar suna kare ƙodar.

2.0 Ƙirar Ƙoda da Aikinta

Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatu kimanin miliyan ɗaya, waɗanda likitoci ke kira nefron. Kowace matata tana da sassa biyu. Na farko dunƙule ne na siraran jijiyoyin jini, inda ake tace ruwa daga jini. Na biyu wani siririn bututu ne da yake mayar wa jiki abin da yake da amfani, kamar ruwa da gishiri da sukari. A kullum ƙodojin babban mutum sukan tace ruwa kusan lita 180, amma abin da yake fita a matsayin fitsari bai cika wuce lita ɗaya da rabi ba.

A bayan jijiyoyin dunƙulen nan akwai wasu ƙwayoyin halitta da ake kira fodosait, ma'ana masu ƙafa, domin suna da 'yan yatsu da suke sarƙe da juna kamar saƙar faifai. Su ne rariya ta ƙarshe da take hana furotin na jini zurarewa cikin fitsari. Muhimmin abin lura game da su shi ne ba sa hayayyafa. Wadda duk ta mutu, da wuya a sami madadinta, sai dai waɗanda suka saura su miƙe don toshe gurbin da ta bari.

3.0 Ma'anar Mutuwar Ƙa'ida

Ƙwayar halitta tana mutuwa ta manyan hanyoyi biyu. Akwai mutuwar rauni, wadda ƙuna ko guba ko yankewar jini kan haddasa, inda ƙwayar kan kumbura ta fashe, ta ɓata maƙwabtanta. Akwai kuma wadda ƙwayar take zartarwa da kanta bisa tsarin da yake rubuce a cikinta: sai ta tsuke, ta daddatsa kayan gadonta, ta rarrabu ƙanana ƙanana, maƙwabta su haɗiye ta ba tare da kumburi ba. A 1972 ne Kerr da Wyllie da Currie, a jami'ar Abadin ta ƙasar Sukotland, suka raɗa mata suna afoftosis, daga kalmar Girkanci mai nufin zubar ganye daga bishiya. A nan an zaɓi a kira ta mutuwar ƙa'ida, domin tana bin matakai ne daki-daki.

Wannan mutuwa a asalinta alheri ce. Ita ce take raba yatsun ɗan tayi a cikin mahaifa, ita ce kuma take kawar da ƙwayoyin da suka lalace kafin su rikiɗe su zama ciwon daji. Binciken da ya ba Brenner da Horvitz da Sulston kyautar Nobel a 2002 ya nuna cewa a jikin wata 'yar mitsitsiyar tsutsa ana samar da ƙwayoyi 1090, daga cikinsu 131 suna mutuwa bisa ƙa'ida a kowane karo. Matsala tana aukuwa ne idan umarnin mutuwar ya isa ga ƙwayar da jiki yake bukata, kuma ba shi da madadinta.

4.0 Yadda Sukari Yake Tayar da Ita a Ƙoda

Tun a 1936 Kimmelstiel da Wilson suka bayyana wasu ƙulle-ƙulle da suka gani a matatun ƙodar masu ciwon sukari. Binciken baya ya gano abubuwan da suke kai wa ga haka. Na farko, idan sukari ya yawaita a cikin ƙwayar halitta, murhunta, wato mitokondiriya, yakan fitar da wasu ɓurɓushin iskar oksijin masu cin duk abin da suka taɓa. Na biyu, sukari yakan manne wa furotin ya sandarar da shi. Na uku, wani sinadari mai suna anjiyotensin yakan matse jijiyar da jini ke fita ta cikinta daga dunƙulen, sai matsin jini a ciki ya hauhawa, tamkar an danne bakin tiyo.

Waɗannan duka sukan karkata wani ma'auni da yake cikin ƙwayar. A gefe guda akwai furotin Bcl-2 mai hana mutuwa, a ɗaya gefen akwai Bax mai kiranta. Idan Bax ya yi rinjaye, sai ya huda bangon mitokondiriya, wani sinadari mai suna saitokurom ya fito, shi kuma ya tayar da kasfes, waɗanda su ne almakashin da ke yayyanka ƙwayar daga ciki. Da fodosait sun ragu, sai furotin albumin ya fara yoyo cikin fitsari. Wannan furotin kuma yakan jigata ƙwayoyin bututun da ke ƙasa, su ma su bi sahu. Matatun da suka saura sai aiki ya yi musu yawa, su ma su lalace. Ta haka ne ɓarna take haifar da ɓarna.

5.0 Hanyoyin Kariya

Hanya ta farko ita ce daidaita sukarin jini. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka da Kanada kan mutum 1441, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1993, ya nuna cewa tsananta kula da sukari ya rage fara yoyon albumin da kashi 39 cikin 100.

Ta biyu ita ce rage ƙarfin anjiyotensin. Maganin kaftofiril, wanda asalin bincikensa ya faro daga dafin wani macijin ƙasar Birazil ɗan uwan kububuwa, an gwada shi kan mutum 409, kuma a 1993 aka bayyana cewa ya rage haɗarin taɓarɓarewar ƙoda da kusan rabi. A 2001 aka tabbatar da amfanin losatan da irbesatan ga masu nau'i na biyu na ciwon.

Ta uku ita ce magungunan da ke hana bututun ƙoda mayar da sukari cikin jini. Tushensu wani sinadari ne da aka ciro daga ɓawon itacen tuffa a 1835. Suna sauƙaƙa wa bututun aiki, suna kuma sassauta matsin jini a cikin dunƙulen. A 2019 gwajin kanagiliflozin kan mutum 4401 ya nuna raguwar haɗarin gazawar ƙoda da dangoginta da kashi 30 cikin 100. Daga baya finerenon a 2020 da semagulutaid a 2024 su ma suka nuna amfani.

6.0 Abin Lura

Duk waɗannan hanyoyi suna kawar da abin da ke kiran mutuwar ne, maimakon toshe ita kanta mutuwar. Akwai dalili. Toshe ta gaba ɗaya yana iya raya ƙwayoyin da ya kamata su mutu, shi kansa Bcl-2 a cikin wani ciwon daji na jini aka fara gano shi. Bugu da ƙari, ba duk abin da ya kare ƙwaya a ɗakin gwaji ko a jikin ɓera ne yake amfanar ɗan Adam ba. Maganin badoksolon an sa masa rai ƙwarai, amma a 2012 aka dakatar da gwajinsa saboda ciwon zuciya da ya yawaita ga masu shansa. Don haka da'awar cewa wani ganye ko sassaƙe yana kare ƙoda ba ta isa hujja ba sai an gwada shi kan mutane masu yawa.

7.0 Kammalawa

An ga cewa fodosait ba sa dawowa idan sun mutu, saboda haka amfanin magani yana ga waɗanda suka saura. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Abin da ya wajaba ga mai ciwon sukari shi ne ya auna albumin na fitsari da ƙarfin ƙodarsa aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kula da hawan jini, ya rage gishiri, ya bar taba, ya kuma guji yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da diklofenak ba da izinin likita ba. Kumburin ƙafa da na fuska kan zo ne a makare, alhali gwajin fitsari yana iya nuna ɓarnar shekaru kafin haka.